Wa Aka Yi Wa Shelar Kora, Ɗan Bindiga Ko Manomi?

Duk wanda ke zaune tsakanin Talata Mafara da Bakura da Maradun ya iya kalma ɗaya ta Turanci, ko da bai taɓa taka ƙofar makarantar boko ba. Tsohuwa mai dakan fura ta san ta, yaro mai tura baro a kasuwar Talata ya san ta: “bandit”. Da ita kakakin 'yan sanda ke buɗe baki a Gusau, da ita kwamishina ke rufe nasa, jaridun Legas da Abuja kuwa sun mayar da ita abincin yau da gobe. Na tsani kalmar nan. Zamanta ta Turawa bai dame ni ba, domin mun ari mota da asibiti da soja da kotu, duk sun zauna a bakinmu lafiya lau. Abin da ke ƙona mini rai shi ne hukuma ta je aron takobi ta dawo mana da kube, kuma fiye da shekara goma ke nan tana kaɗa mana shi a fuska wai yaƙi take yi.

Su kansu Turawan Ingila aro suka yi daga Italiya. A harshen Italiya “bando” shela ce, irin wadda mai shelar sarki ke yi a tsakiyar kasuwa, “bandito” kuma shi ne mutumin da aka yi shela a kansa. A garuruwan Italiya na ƙarni na 16, idan mutum ya yi kisa ko fashi ya ƙi gurfana gaban alƙali, sai hukuma ta fito fili ta kama sunansa, ta sanar da kowa cewa daga yau doka ta zare hannunta daga kansa. An kore shi daga ƙasar, an ƙwace dukiyarsa, wanda ya kashe shi ba shi da laifi, sau da yawa ma har da lada. Wanda ya ba shi makwanci ko abinci kuwa ya jawo wa kansa hukunci, ko da ɗan'uwansa ne na jini. Da Paparoma Sixtus na Biyar ya hau mulki a 1585, ya tarar irin waɗannan mutane sun addabi ƙasar Rum, sai ya bi su da masu ɓoye su, har da manyan attajirai da masu sarauta, aka riƙa jera kawunan waɗanda aka kashe a kan gadar Sant'Angelo don kowa ya gani.

Tun da korarre ba shi da wurin zama a gari, sai ya hau duwatsu ya shiga daji yana tare hanya, da haka ma'anar ta gangaro ta zama ɗan fashi. Turancin Ingila ya karɓi kalmar a ƙarshen ƙarni na 16, kuma ɗaya daga cikin wuraren da aka fara ganinta a rubuce shi ne wasan kwaikwayon Shakespeare kan Sarki Henry na Shida, a shekarun 1590. Tushenta ɗaya da “ban”, wato haramtawa, da “banish”, wato kora daga ƙasa, da “contraband” da 'yan kwastam ke kiran kayan fasa-ƙwauri da ita. Daga baya Turawa suka mayar da ita abin wasa. Injin cacar da ke haɗiye kuɗin mutane suna ce masa “bandit” mai hannu ɗaya, kamfanin Suzuki ma har babur ya raɗa wa sunan. Su da suka daɗe da rabuwa da masu tare hanya suna iya wasa da ita. Mu nan kusan kullum sai an yi jana'iza.

To, mai karatu, tun da ka ji asali, sai ka duba ƙasarmu ka faɗa mini wa aka kora daga gari. Shiga Mafara da magariba, ka leƙa kangaye da gine-ginen da masu su ba su gama ba. Za ka ga matan da suka baro ƙauyukansu da tukunya ɗaya da tabarma, sun kewaye lungu da buhu da tsohon zane, yara na kwance a kan siminti. Za ka ga dattijon da a da rumbunsa ke kai shi wata damina har ya ba maƙwabci iri, yau yana jira a idar da salla ya miƙe yana sunkuyar da kai, bakinsa ya kasa furta roƙon da ya kawo shi. Ka tambaye shi yadda aka yi, amsarsa gajera ce: “Sunka ce mu tashi, munka tashi.” Shi aka yi wa shela, shi aka ƙwace wa gona da shanu, shi ne doka ta zare hannunta daga kansa, domin wanda ya kashe shi a gona ba ya kwana da fargabar alƙali.

Masu yin shelar gaske a yankin nan, wadda ake yi kuma a cika, mutanen daji ne. Kira ne zai shigo wayar mai gari, ko a aiko takarda ta hannun wanda aka sako: ƙauyenku zai kawo miliyan kaza kafin Juma'a, in ba haka ba kada kowa ya taka gona. A zauna a ƙofar gidan mai gari a raba kuɗin gida gida, mai akuya ya sayar, mai ɗan kunne ta cire. A biya kafin shuka, a sake biya kafin girbi. In mutum aka ɗauka, sai a shiga ciniki ta waya, a ƙarshe a ce ban da kuɗin fansa a haɗo da sabon babur da katin waya da buhun shinkafa. Wani lokaci a riƙe wanda ya kai kuɗin, a buɗe sabon ciniki. Wanda ke sa haraji, yana yanke hukunci, yana ba da izinin noma ko ya hana, ya wuce ɗan tare hanya. Mulki yake yi, kuma duk wanda ke kiransa da sunan ƙaramin ɓarawo ya san abin da yake ɓoyewa.

Gwamnatoci sun daɗe da sanin amfanin kalmar nan wajen ƙanƙanta abin da ya fi ƙarfinsu. A 1948, da Turawan Ingila suka shiga yaƙi da 'yan gurguzu a dazuzzukan Malaya, da gangan suka riƙa kiransu “bandits” don kada duniya ta ce yaƙi ake yi, sai a 1952 suka sauya suka koma kiransu 'yan ta'adda. Gwamnatin Mozambik ta shafe shekarun 1980 tana kiran mayaƙan Renamo 'yan fashi masu makamai, alhali yaƙin basasa ne ke cinye ƙasar. Tamu gwamnatin ba ta ƙirƙiro komai ba. Ta ga kalma mai sauƙin ɗauka, wadda ke sa mai karanta jarida a Ikeja ya ɗauka wasu 'yan iska ne suka sace shanu biyar, sai ta rungume ta.

Ga girman abin da aka lulluɓe. Kwamitin da gwamnatin Zamfara ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda, M. D. Abubakar, ya ce daga Yuni 2011 zuwa Mayu 2019 an kashe mutum 6,319 a jihar, mata 4,983 sun rasa mazajensu, yara 25,050 sun zama marayu, an kuma biya fiye da naira biliyan 3 kuɗin fansa. Ƙasashe nawa ne suka yi abin da duniya ta kira yaƙi ba su binne mutane haka ba? Duk da haka sai a ƙarshen Nuwamba 2021 Babbar Kotun Tarayya a Abuja, ƙarƙashin Mai Shari'a Taiwo Taiwo, ta ayyana mutanen dajin nan a matsayin 'yan ta'adda, sai a Janairu 2022 ofishin Antoni Janar Abubakar Malami ya fito da sanarwar a jaridar gwamnati. Kada wani ya ce mini aikin kotu ne ke da nawa. An haramta ƙungiyar 'yan awaren Biyafara ta IPOB a Satumba 2017 cikin 'yan kwanaki. An haramta ƙungiyar Malam Zakzaky a Yuli 2019 cikin 'yan kwanaki. In Abuja ta ga dama, shelarta ba ta kwana. Jinin Bazamfare ne aka ga ba ya buƙatar gaggawa.

Abin takaicin ma, ƙananan hukumomin nan uku ba marayu ba ne a siyasa. Bakura ta ba Zamfara gwamna, Ahmad Sani Yarima, daga 1999 zuwa 2007. Talata Mafara ta ba da Abdul'aziz Yari daga 2011 zuwa 2019. Maradun ta ba da Bello Matawalle daga 2019 zuwa 2023, daga nan aka ba shi ƙaramin ministan tsaro. Shekara 20 cif kujerar Gusau ta yi a hannun 'ya'yan wannan yanki. A zamanin na farko, a watan Maris 2000, a asibitin Talata Mafara aka yanke hannun Buba Bello Jangebe saboda satar saniya, duniya duka ta ji. Ba ni da ja da hukuncin Allah. Tambayata ita ce: littafin da ya zo da haddin sata ai shi ne ya zo da haddin hiraba a Suratul Ma'ida, kuma dokar shari'ar da Zamfara ta rubuta da hannunta ta tanadi hukuncin masu fashi da makami. Ina aka kai wannan babin? Ko shi shari'ar talaka mai saniya ɗaya kaɗai take gani?

Na biyu, a watan Yuni 2018, ya fito ya ce ya ajiye matsayinsa na babban jami'in tsaron jiha domin ba shi da iko da jami'an tsaro. Akwai ƙamshin gaskiya a kukansa, tsarin mulkin ƙasar nan ya damƙa 'yan sanda da soja a hannun Abuja, amma bai ajiye kujerar ba, bai kuma ajiye kuɗin tsaron da ake ware wa ofishinsa ba. Na uku ya zo da sulhu. A Yuli 2020 ya yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindiga ƙirar AK-47. Ka auna: a jiha ɗaya, wanda ya saci saniya ya rasa hannu, wanda ya riƙe bindigar da aka kashe mutane da ita ya sami shanu biyu. A Fabrairu 2021 aka karɓi Auwalun Daudawa a Gusau, mutumin da ya jagoranci kwashe ɗaliban Ƙanƙara wata biyu kafin nan, ya dafa Alƙur'ani ya ce ya tuba. Kafin ƙarshen Afrilu ya koma daji, can aka harbe shi. A wannan Fabrairun ne kuma gwamnan ya shaida wa 'yan jarida a Abuja cewa ba dukkansu ne masu laifi ba.

Shekarar 2021 ta nuna wa yankin nan amfanin wannan lallashi. Ranar 26 ga Fabrairu aka shiga makarantar sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka kora 'yan mata 279 cikin daji da dare. A tsakiyar Agusta aka faɗa Kwalejin Aikin Gona ta Bakura, aka kashe ɗan sanda da masu gadi, aka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba aka kwashe ɗalibai fiye da 70 a makarantar jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, ƙaramar hukumar gwamna mai ci. Sai hukuma ta tashi yin shela, kuma ka ji a kan wa ta faɗa. Bayan an dawo da 'yan matan Jangebe, garin Jangebe aka sa wa dokar hana fita aka rufe kasuwarsa. A daidai lokacin harin Kaya, aka rufe makarantu, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka, aka taƙaita hawa babur, aka katse layukan waya a jihar baki ɗaya na makonni masu yawa. Mai ciwon naƙuda ba ta da hanyar kiran mota, ƙauyen da aka kewaye ba shi da hanyar kiran soja, ɗan tireda ya zauna yana kallon kayansa. A watan Mayu 2022 aka shiga Damri da Sabon Garin Damri da Kalahe a Bakura aka kashe mutane kusan 50.

Wani zai ce ai an kama sunaye. Haka ne. A Nuwamba 2022 hedkwatar tsaro ta fitar da sunayen mutum 19 da take nema, ta sa naira miliyan 5 a kan kowanne, ciki har da Bello Turji da Ado Aleru da Halilu Sububu, wanda ya yi sansani a dajin Sububu na Maradun. Sojoji sun kashe Halilu a Satumba 2024, kuma yaran talakawan da ke sanye da kaki suna mutuwa a dazuzzukan nan sun cancanci addu'armu. Amma miliyan 5 a kan mutumin da ke karɓar ninkin haka daga ƙauye ɗaya a damina ɗaya, wa zai sayar da ransa a kai? Shi kuwa Ado Aleru, tun 2020 'yan sandan Katsina suka ce suna nemansa ruwa a jallo. A ƙarshen Yuni 2022 gwamnan Zamfara ya sa hannu kan dokar kisa ga 'yan bindiga da masu kai musu rahoto, gwamnatinsa ta kuma ce jama'a su nemi izinin mallakar bindiga. Ba a cika mako uku ba, ranar 16 ga Yuli, aka naɗa wa Aleru rawanin Sarkin Fulani a masarautar 'Yandoto, da rana tsaka, a gaban taro. An dakatar da sarkin da ya naɗa shi, daga baya aka maido shi kan karagarsa. Wanda ake nema ya zo fada, ya sha naɗi, ya koma inda ya fito, ba wanda ya tare shi.

A shelar Italiya, mai ciyar da korarre da mai ɓoye shi suna cikin hukunci, kuma nan ne tamu hukumar ke yin shiru. Mai da ake zuba wa ɗaruruwan babura ba a daji ake tace shi ba. Harsashi ba ya tsirowa a Sububu. Shanun sata a mota ake loda su, su bi kwalta su wuce shingayen bincike. Zinaren da ake haƙa yana da masu saye a birni. Rahoton M. D. Abubakar ya nuna yatsa ga sarakuna 5 da hakimai 33. An tuɓe rawanin sarakunan Maru da Zurmi da Ɗansadau a lokuta daban-daban, to sai me? Tuɓe rawani hukuncin ofis ne. Wanda ake zargi da hannu a zubar da jini gaban alƙali ake kai shi, in yana da gaskiya a wanke shi a fili, in ba shi da ita a hukunta shi a fili. Abin da muke gani shi ne a kama infoma mai sayar da burodi a yi holinsa gaban kyamara, manyan kuwa sai dai a yi ta raɗe-raɗinsu a majalisar shayi.

Kada kuma a ce ƙasar nan ba ta iya nuna ƙarfi a wannan yanki ba. Tsofaffinmu suna nan da ransu, sun ga Bakolori. A shekarun 1970 gwamnatin tarayya ta kawo kamfanin Impresit, na Italiya ma kuwa, ya datse gulbin Sakkwato don noman rani na kadada 23,000 a ƙasar Mafara da Maradun da Bakura. Ruwa ya ci gonaki da garuruwa, diyya ta zama jeka-ka-dawo. Da manoma suka gaji suka tare hanyoyin aikin, a Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, aka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. A wancan karon ba a kafa kwamitin sulhu ba, ba a yi tayin shanu ba, ba wanda ya ce ba dukkansu ne masu laifi ba. Jikokin waɗannan manoma ne yau ke neman izinin yaran daji kafin su yanke shinkafarsu.

Mu masu rubutu da masu magana a rediyo ma muna da namu kason. Mun ɗauki “'yan bindiga” mun liƙa wa kowa, sunan da ba ya faɗin komai sai abin da ke hannun mutum. Ɗan sanda ma bindiga gare shi, maharbi ma haka. Kullum “wasu 'yan bindiga da ba a san ko su wane ne ba”, alhali yaron ƙauyen da aka kai wa hari zai faɗa maka sunan kachallan da ya aiko su, da dabar da suka fito, da hanyar da suka bi. Kuma shelar da ba ta da suna a kan kowa take faɗawa. Shi ya sa Bafulatanin da ya zo cin kasuwa da sandarsa, wanda shi ma an kore masa garke, yake iya rasa ransa a hannun 'yan sa-kai don kawai kamanninsa, 'yan'uwansa kuma su ɗauki fansa a kan ƙauyen da bai san hawa ba bai san sauka ba. Kama sunan mai laifi shi ne kariyar marar laifi, Bahaushe ne ko Bafulatani.

Mai girma Gwamna Dauda Lawal, ranka ya daɗe, ka ce ba za ka yi sulhu da mutanen daji ba, ka kuma ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Janairu 2024. Mun ji, mun gani. Saura abin da ba ya buƙatar izinin Abuja. Rahoton M. D. Abubakar yana nan a ofishinka: a buga shi gaba ɗaya, a fassara shi da Hausa, a karanta shi a gidan rediyon jiha. Dokar 2022 tana nan: Kwamishinan Shari'a ya fito ya faɗa mana mutum nawa aka gurfanar a ƙarƙashinta, nawa aka yanke wa hukunci, da sunayensu da kotunan da suka yi shari'ar. Sanata Yari da sauran masu wakiltar Zamfara ta Yamma a Abuja da Gusau, ku ma wannan tambayar tana kanku, kuma iyayen 'yan matan Jangebe suna da haƙƙin jin sunan wanda kotu ta ɗaure saboda 'ya'yansu. Ku kuma jama'ar Mafara da Bakura da Maradun, duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a yana cika baki da “bandit”, ku dakatar da shi ku ce ya faɗi sunan mutum ɗaya da ya taɓa tsayawa a kansa har aka kai shi kotu. In ya kasa, ku riƙe ƙuri'arku.